Hannun da Ladingo Ta Riƙe

Can a zamanin da, a wani gari mai nisa, makarantar farare daban take da ta baƙaƙe. Wata shekara hukuma ta haɗe su.

Aka zaunar da wata yarinya fara a benci ɗaya da wata baƙa mai suna Ladingo. Suka shaƙu, har sukan riƙe hannu in an tashi.

Kullum yarinyar ta isa gida, sai uwarta ta ce, "Wa kika taɓa yau?"

"Ladingo, Inna."

Sai uwar ta wanke mata hannu da sabulu. Yau sabulu, gobe sabulu.

Ran nan yarinyar ta faɗi a filin wasa. Ladingo ta sheƙo, ta kama hannunta ta ɗaga ta. Ba wanda ya sa ta, amma yarinyar ta ɗingisa zuwa bakin randa. Ta bar gwiwarta tana jini, ta yi ta wanke hannun da aka riƙe.

Da ta juyo, ga Ladingo tana kallonta.

"Ƙazanta gare ni?" in ji Ladingo a hankali.

Yarinyar ta ɓoye jiƙaƙƙen hannun a bayanta.

Da aka tashi, ta jira a bakin ƙofa har kowa ya watse. Ashe Ladingo ta bi wata hanya. Ita kaɗai ta koma gida, tana kuka.