Farin Dutsen Gonar Tijani

Munji ne ya tuge dutsen.

Aikinsa shimfiɗa wayar tarho a tashar jiragen yaƙin Faransawa ta Binzart. A shekarar nan injiniyoyin sun sake tsarin tsaron tashar, sun kuma sakewa. Yau a ce igwa ta hau wannan tudu, gobe a ce wancan, kuma duk inda igwa ta koma sai waya ta bi ta. Sabon zanen layin wayar ya ratsa gonar zaitun ɗin tsoho Tijani, uban Shadliyya, yarinyar da za a karanta musu Fatihar baiko ran Juma'a.

Da aka tura shi kafa turaku har murna ya yi, zai gan ta. Ya manta guduma, sai ya hangi wani farin dutse a gindin itacen zaitun. Ya tuge shi, ya buga turke da shi a ramin da ya bari, sannan ya jefar da dutsen gefe.

Shadliyya ta fito da shayi. Ta ga turken, ta ga dutsen a kwance. Tiren ya suɓuce daga hannunta.

"Munji... me ka yi?"

"Turke ne kawai, hasken idona. Ai na gaya miki..."

"Kan Ummi ne a nan! Kabarin mahaifiyata ne!"

Munji ɗan birni ne. Kaburburan da ya sani masu gini ne da rubutu. Bai san cewa shekarar annoba, da soja suka rufe hanyar maƙabarta, mutanen tudu a gonakinsu suka binne nasu ba. Dutse ɗaya, a shafa masa farar ƙasa duk Idi, shi ke nan.

Ya durƙusa ya fizge turken, ya mai da dutsen wurinsa.

"Wallahi ban sani ba, Shadliyya!"

"Na san ba ka sani ba. Shi ya fi ciwo."

Tijani ya zo dogare da sanda. Bai ɗaga murya ba. Ya gyara zaman dutsen da kansa, don Munji ya juya shi baibai.

"Yaushe za su haƙa?"

"Jibi, Baba. Zan roƙi injiniya ya karkata layin."

"Roƙe shi. Juma'a kuma kada danginka su wahalar da kansu."

Shadliyya ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ta zauna kusa da tukunyar kuskus har ta ƙone. Ta gaji. Tun tana ƙarama take ganin turakun nan. Sun ci makiyayar awakinsu, sun ci hanyar rijiya, yanzu sun iso ga uwarta, kuma a hannun mutumin da ta zaɓa da kanta.

Washegari da la'asar Munji ya dawo, ya tsaya a bayan shinge kamar baƙo.

"Injiniyan ya ƙi," in ji shi. "Wai an sa hannu a kan zanen tun daga can ƙasarsu. Wai mu kwashe ta mu kai wani wuri."

"Mu kwashe ta? Buhun gawayi ce?"

"Shadliyya..."

"Watan jiya sun matsar da igwa guda saboda wani babbansu ya ce ta tare masa kallon teku! Kai ka ba ni labari kana dariya!"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni aka ba digar gaba," ya ce a hankali. "In na ƙi, kora ce. Kin san uwata da ƙannena da aikin nan suke ci."

"Na sani."

"Kuma ko na ƙi, wani zai haƙa."

"Wannan ma na sani. Ban ce ka ƙi ba, Munji. Amma hannun da ya tone Ummi ba zan iya cin abinci da shi ba. Ina sonka... ba zan iya ba ne kawai."

Da safe leburori suka iso da diga da shebur, Sajen Faransawa a gaba da takardar zane. Tijani ya riga su. Ya shimfiɗa alkyabbarsa a kan kabarin ya zauna, carbi a hannu. Shadliyya ta tsaya a bayansa.

Sajen ya yi magana, tafinta ya ce, "Baba, ka tashi, don Allah. In ba haka ba ɗaga ka za a yi."

"Ku ɗaga."

Soja biyu suka ɗauke shi kamar yaro, suka dire shi gefe. Takalminsa ɗaya ya faɗi. Shadliyya ta ɗauko ta sa masa, sannan ta ɗaga ido.

Munji yana tsaye a kan layin, diga a kafaɗa. Idanunsa jajur, da gani bai runtsa ba. Sauran leburorin kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sajen ya nuna farin dutsen da tsinin takalminsa. Ya daka tsawa.

"Ya ce ka fara," in ji tafinta. Ya rage murya. "Munji, ka tuna da gida, ɗan'uwa."

Munji ya dubi tsohon. Ya dubi Shadliyya. Ba ta roƙe shi ba, ko da ido. Hawaye ne kawai suke zuba, ba ta share su ba.

Ya sauke digar, ya kwantar da ita a ƙasa nesa da dutsen.

"Gaya masa," ya ce. "Ba zan haƙa ba."