Ranar da Aka Mayar wa Jini Kitsensa

Na'urar ɗura ta yi ɗan gurnani, sannan ta saki ɗigon farko. Fari ne tas kamar madarar da aka tatso yanzu. Dakta Kuluwa Sambo ta bi shi da ido yana gangarowa cikin siririyar roba, har ya ɓace a jijiyar hannun tsohon da ke kwance.

Tsohon nan malaminta ne, Farfesa Barau Ilu, wanda babu gida a Sabon Gobir da ba a san sunansa ba. Shi ya ƙirƙiro Matata, wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ana dasa ta a jijiyar ƙasan wuya, ta riƙa kama kolestarol, wato kitsen da ke yawo cikin jini, tana narkar da shi. Tun da aka fara dasa ta, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka zama labarin da. Mutane suka ci kilishi da man shanu hankali kwance. Ko motocin haya masu shawagi tsakanin benayen birnin, hotonsa ne a jikinsu.

Sai ga daminar bana ta zo da wata ƙwayar cuta mai taurin kai. Ɗan ƙwarzane ya isa ta shiga jiki, ta haddasa gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis. Shi Farfesa ƙayar lemo ce ta soke shi a lambunsa na saman bene. Magani ya kashe ƙwayoyin, amma dafin da suka bari ya ci gaba da cin jikinsa. Ƙoda ta fara gazawa, ƙarfin bugun jini ya sauka.

Kuluwa ta daɗe da zargin wani abu. A binciken da ta yi, ta ga kamar kolestarol ɗin nan da aka tsana shi ke kwashe dafin ya kai wa hanta. Ko a jikin wanda ba shi da Matata, cutar kan rage kolestarol ɗin. Mutanen Sabon Gobir kuwa da ma ba su da ko kaɗan.

Farfesa ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi farar jakar da ke rataye.

"Me kike zuba mini, Kuluwa?"

"Mai ne, Malam. Na kifi da na waken suya, an tace shi yadda jijiya za ta karɓa."

"Matatar za ta cinye shi."

Ta sunkuyar da kai. "Na kashe ta tun da safe."

"Da izinin wa?"

"Da nawa," in ji matarsa, Hajiya Tasalla, daga kujerar da take zaune da carbi a hannu. "In ka tashi, Alhaji, ka yi faɗan da ni."

Ya ja numfashi sama-sama. Can ya ce, "Kunna mini bango. In abin da na gina za a rushe, bari in gani da idona."

Kuluwa ta taɓa wani gilashi da ke gefen gadon, bangon ɗakin ya koma madubin-jiki, mai nuna abin da ke gudana cikin majiyyaci. Ɗakin ya rine da ja. Ga jijiyar Farfesa nan kamar kogi a tsakiyar damina, ƙwayoyin jini suna ta birgima, kowace ta kai girman faifai. A tsakaninsu dafin yake yawo, baƙi, mai tsini-tsini, duk inda ya goga sai wurin ya kumbura.

Farin man ya malalo ya wuce zuwa hanta. Suka yi ta jira, rana ta karkata, babu abin da ya canza. Kuluwa ba ta ɗauke ido daga bangon ba. In ta yi kuskure, ta ƙarasa malaminta da hannunta ke nan.

Wajen la'asar sai ga wani ɗan dunƙule ruwan zinariya ya fito daga hanta. Wani ya biyo shi. Kafin a jima sun cika bangon, dubbai, suna sheƙi kamar an watsa gero a hasken rana. Ɗaya ya matsa kusa da dafin, ya manne masa, ya naɗe shi, ya juya da shi. Na bayansa ma haka. Babu wanda ya yi karo da ɗan'uwansa, babu wanda ya ɓata hanya.

Carbin Hajiya ya tsaya cak.

"Wace manhaja kika sa musu?" in ji Farfesa.

"Babu, Malam. Ni mai kawai na bayar. Kolestarol ne, jikinka ne ya ƙera su."

"Rayuwata duka ina kallon su a matsayin datti," ya ce. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. "Tsarki ya tabbata ga Allah. Ashe ma'aikata na kora."

Farfesa ya tashi, ko da yake ƙodarsa ɗaya ba ta dawo ba. Wasu da aka ɗura wa man sun warke, wasu sun rasu duk da haka. Daga kan gadon asibiti ya yi wa birnin jawabi, mutane suka yi tururuwa ana kashe musu Matata.

Kafin kaka ta ƙare, aka shigo da wani magidanci yana dafe da ƙirji, yana haɗa gumi. Ƙananan likitocin suka tsaya cirko-cirko, don ba su taɓa ganin ciwon zuciya ba sai a darasi. Kuluwa ta samu ta ceto shi da ƙyar. A bakin ƙofa matarsa ta riƙe mata hannu.

"Likita, a kunna masa Matatar ko a bar ta a kashe? Cutar nan fa tana unguwarmu har yanzu."

Kuluwa ta koma gefe ta kira malaminta a waya, ta maimaita masa tambayar.

"Da can, kafin ki rufe baki na ba ki amsa," ya ce. "Yanzu ban sani ba, 'yata. Wallahi ban sani ba."

Ta kashe wayar. Matar tana nan tsaye tana jiran ta, bayanta kuma layi ya fara tsawo.