Wa Ya Tambayi Kallamu?

"Karo na uku ke nan kina ɗaga bikin nan, Sa'a..."

Zainulabidin ne tsaye a bakin shagon ɗinkinta da ke Abakpa Nike a Enugu, jaka a kafaɗa. Tun asuba ya baro rumfarsa ta albasa a Mile 3, ya hawo mota daga Fatakwal don kawai ya faɗi wannan magana.

"Ko karo na goma ne zan ɗaga," ta ce, ba ta tsayar da keken ba. "Ran Asabar Baffa Hashim zai kwashi Yaya Kallamu ya kai ƙauye. Garin da ko mai gashin ƙashi babu."

"To ni fa, zuciyata?"

Sai a nan ƙafarta ta tsaya. Tana sonsa, so mai tsanani, amma ta haɗiye.

"In ba za ka iya jira ba, Zain, ba zan riƙe ka ba."

Kallamu ne ya raine ta bayan rasuwar iyayensu. Shekara biyu da suka wuce ya faɗo daga kan motar doya, ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya rufe. Dattawan unguwa suka zauna a masallaci suka damƙa al'amuransa a hannun Baffa, ƙanin mahaifinsu. Sa'a kuwa, da ma tun tana yarinya in ta kafe sai dai a kauce mata, ta rantse sai kotu ta ba ta riƙon yayanta, ko da za ta tsufa a Enugu ba aure.

Zainulabidin ya yi fushi, amma fushin bai hana shi tare musu okada zuwa Ogui ba, ofishin Barista Ilham, lauya 'yar Hausawa haihuwar garin.

"Hanya biyu ce," in ji Barista. "Ko likita ya tabbatar ba ya gane komai, kotu ta naɗa wanda zai riƙa yanke masa shawara. Ko kuma, in yana ganewa, shi da kansa ya zaɓi wakili, a rubuta iyakar abin da ya yarda a yi masa. Me shi Kallamun ya ce?"

"Ai ba ya magana."

"I no ask whether e dey talk. Ba ko yana magana na tambaya ba. Kun tambaye shi?"

Shekara biyu Sa'a tana ba shi abinci a baki, tana yanke masa farce, ana zancensa a gabansa kamar buhun da aka jingine. Kunya ta kama ta.

"A asibiti sun ba shi takarda ya karanta, ya kasa," ta ce a hankali.

"Da wane rubutu?" Zainulabidin ya tambaya. "Yaya bai yi boko ba. Wasiƙar da ya aiko min lokacin da na fara neman ki, da ajami ya rubuta."

Ran Juma'a suka taru a ɗakin Kallamu: Barista, likita, da Baffa yana ta hura hanci.

"Wannan reni ne. An gama magana a masallaci, yarinya ta ɗebo min lauya."

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Tambaya kawai za a yi masa."

Zainulabidin ya durƙusa ya rubuta komai da ajami, manya-manya. Likita ya yi tambayoyinsa, Kallamu yana nuna amsa da hannun hagu, bai kuskure ko ɗaya ba. Da aka zo kan wanda zai tsaya masa a asibiti, ya ɗora yatsa kan sunan Sa'a. Sannan aka jera masa takardu uku, ya zaɓi inda yake son zama: ƙauye, Enugu, Fatakwal.

Ya ture ƙauye. Sa'a ta sauke ajiyar zuciya. Sai ya ture Enugu ma.

"Yaya... nan ne gidanka fa."

Ya danne Fatakwal da tafinsa, ya yi mata hararar da ta sani tun tana 'yar firamare. Ashe duk ɗage-ɗagen bikin nan yana ji, yana kwance abin yana cinsa, ba mai tambaya.

Baffa ya cire hula ya shafa kai.

"Kallamu, ka yafe min," ya ce.

Bayan mako uku aka kafa rumfa a ƙofar gida. Sa'a ta ɗaga labulen taga kaɗan, ƙawayenta suna jan ta tana fizgewa.

"Wane ne waliyyin amarya?" liman ya tambaya.

Baffa ya gyara murya saboda sabo, sai kuma ya tsaya. Ya miƙe ya turo Kallamu a keken guragunsa har gaban liman.

"Ga yayanta nan. Shi za ka tambaya."

"Malam Kallamu, ka ba Zainulabidin auren Sa'adatu?"

Kallamu ya ɗaga hannun hagu ya dafa ƙirjinsa, ya gyaɗa kai sau uku, don kada wani ya ce bai gani ba.

Sa'a ta saki labulen ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ta shekara biyu tana haɗiyewa.