Fitilar da Ba Ta Kama Ba

Ranar Talata abin ya fara, kuma babu komai a yinin da zai sa mutum ya tsargu. Rana ta sunkuya bayan duwatsun Tamanrasset, unguwar Sersuf ta yi irin shirun da take yi gab da kiran magariba. Gwamma tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Ɗiyarta Salima, mai shekara goma sha huɗu, tana kwashe shanya. Maigidan, Tahiru bakanike, yana ƙofar gida yana cuɗa baƙin mai daga hannunsa, kusa da wata farar mota da aka maido masa da la'asar.

Motar ta Abdurrazak ce, wani mai butiki, wato shago, ɗan Maraɗi. Mako uku kafin nan ya kawo ta saboda fitilar moter, wato ta inji, ƴar rawayar nan da ke kamawa a tablo gaban direba, ta ƙi mutuwa. Tahiru ya jona mata sikana, na'urar da ke karanto ciwon mota, ta nuna sondi biyu na bututun hayaƙi sun lalace. Sondi ɗan ƙarfe ne da bai wuce yatsa ba, aikinsa ya shinshina hayaƙi ya gaya wa mota yawan esansi, wato fetur, da za ta sha. Tahiru ya sayo sabbi a kwalinsu ya miƙa wa ƙanensa Khamisu, don haka suke aiki: shi ya karanto, Khamisu ya shiga ƙarƙashi, tun da ciwon baya ya hana Tahiru kwanciya a ƙasa. Khamisun nan fa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tahiru ne ya ɗauko shi daga Damagaram, ya koya masa sana'a, ya ba shi ɗakin zaure, kwano ɗaya suke ci.

Yau kuma ga mota ta dawo. Abdurrazak ya ce fitila kam ta mutu, amma motar zuƙar mai take babu ƙaƙƙautawa, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Khamisu ya yi caraf ya karɓi makulli, ya ce Yaya ya huta, shi zai duba da safe.

Ladan yana ɗaga murya, dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya dira kusa da murhu. Gwamma ta yi tsaki, ta ce yaran unguwar nan ba su da kunya, ta sunkuya ta ɗauka. Sai ta yar da shi tana yarfe hannu. Dutsen da zafi, zafi na abin da aka ciro daga wuta. Tahiru ya zagaya bayan gida, babu yaro, babu ko akuya. Da ya dawo ya tarar da Salima tsaye da zane a hannu, ta zuba wa katangar da motar ke bayanta ido, ba ta ko ƙyaftawa. An kira sunanta har sau uku kafin ta juyo, kuma da ta juyo tari ta fara.

Haka aka yi kwana uku. Da rana lafiya lau, yarinya ta ci abinci, ta tambayi abin da aka yi a lekkol, makarantarsu. Amma da zarar inuwa ta haye katanga, sai warin hayaƙi ya cika gidan, duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Daga can wajen motar a riƙa jin murya ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da ke kwashe kaya suna jimami. Salima ta yi ta tari har numfashinta ya koma zare. An kai ta likita, suka saurari ƙirjinta, suka ce ba su ga komai ba. Tahiru ya manta da garaji, ya manta da motar Abdurrazak. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don kowace yamma numfashin ɗiyarsa gajarta yake ƙara yi. Khamisu kuwa, wayyo Khamisu, shi ne mai kai da kawo, shi ne mai sayo magani, shi ne mai cewa Yaya ka kwantar da hankalinka.

Ranar Juma'a bayan la'asar Gwamma ta ce ita dai a kira Malam Zakariya'u. Dattijo ne mutumin Agadas, yana zaune a Gata'al Wad, kuma ba ya cikin malaman da ke cika mutane da surutu. Ya zo da butarsa, ya zauna kan tabarma, ya sa Gwamma ta riƙe kan yarinyar, Khamisu ya danne ƙafafunta. Ya jira inuwa ta haye katanga, sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Duwatsu suka zo suka ɗauke. Gidan ya yi tsit, har kana jin tsiyayar ruwa daga randa. Can Salima ta miƙe zaune, da ƙarfin da ya ture uwarta gefe, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a dishe, kamar wanda ya kwana cikin hayaƙi.

Malam ya tambaye shi ko wane ne, da abin da ya kawo shi jikin yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mai muryar ya ce shi aljani ne, shi da iyalinsa mazauna wata farar ƙaya ne a gefen hanya, kafin a kai In Amgel, tun ba a shimfiɗa kwalta ba suke nan. Manyan motoci suna wucewa ba su taɓa damunsu ba. Sai ranar Litinin farar motar nan ta tsaya a gindin itaciyar, mai ita ya sauka ya yi salla. Ƙarƙashin motar ya yi jawur kamar garwashi. Busasshiyar ciyawa ta kama, mutumin ya ja motarsa ya tsira, itaciyar kuwa ta ci wuta har saiwa. Shi ya sa ya hau motar ya biyo ta, ya ga hannun da ya yi wannan aiki.

Tahiru ya gane maganar sarai. Idan sondi ya mutu, mota takan zuba mai fiye da kima, ɗanyen man ya gangara tukunyar da ke tace hayaƙi a ƙarƙashi, ya ƙone a can har ƙarfe ya yi ja. Amma ai an canza sondin. Ya faɗi haka a fili.

Aka yi wata dariya marar daɗi ta bakin Salima.

"Ba a canza ba. An wanke tsofaffin an mayar, an sayar da sabbin. Fitilar da za ta faɗa kuma an rufe mata ido. Ka tambayi wanda ke riƙe da ƙafata."

Khamisu ya saki ƙafar kamar ta ƙone shi. Ya fara rantsuwa. Malam ya ɗaga hannu ya ce maganar aljani ba shaida ba ce, sukan yi ƙarya su raba ƴan'uwa, kada a hukunta kowa da ita. Ya dubi Tahiru ya tambaya ko a sana'arsu akwai hanyar ganewa.

Akwai, kuma ko minti ɗaya ba ta ci. Duk bakanike ya san idan ka murɗa makulli ba tare da ka tada mota ba, fitilun tablo gaba ɗaya sukan kama su nuna suna da rai. Tahiru ya zaro makullin daga aljihun ƙanensa da hannunsa, ya fita. Ya zauna a motar yana roƙon Allah ya sa aljanin nan maƙaryaci ne. Ya murɗa. Ta batir ta kama, ta mai ta kama, ta birki ta kama. Gurbin fitilar moter baƙi ƙirin. Ya kwance gilashin tablo, ya sa farce, ya ɓamɓaro ɗan guntun baƙar robar naɗe waya. Ga fitilar nan a ƙasa, rawaya, tana ci abinta.

Ya dawo ya ajiye robar a kan tabarma.

Aljanin ya fara neman jinin baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah, ya ci gaba da karatu har yarinyar ta riƙa murɗewa. Sai aljanin ya sauko, ya ce to abu ɗaya: wanda ya rufe fitilar ya faɗa da bakinsa, a gabansa, shi kuma zai fita. In ba haka ba, yadda hayaƙi ya shaƙe nasa, haka zai shaƙe wannan.

Kowa ya juya ga Khamisu. Salima tana jan numfashi da ƙyar, leɓenta ya fara canza launi. Gwamma ta rarrafa ta kama gefen rigarsa.

"Khamisu, ɗiyarka ce. Kalma ɗaya ce fa."

Ya dubi yarinyar, ya dubi ƙofa inda maƙwabta suka fara taruwa. Wallahi da ya yi shiru ma da sauƙi. Cewa ya yi:

"Yaya, yanzu aljani za ka gaskata ka kunyata ni gaban mutane?"

Ya fizge rigarsa, ya ratsa maƙwabtan ya fita. Ba a sake ganinsa a Sersuf ba.

Satar sondi ba ta yi wa Tahiru ciwo kamar wannan fitar ba. Ya ji kamar an zare masa ƙashin baya. Amma babu lokacin kuka. Ya durƙusa gaban ɗiyarsa, ya yi magana da abin da ke cikinta. Ya ce garaji nasa ne, sunansa aka sani, shi ya karɓi motar, shi ya mayar da ita ga mai ita ba tare da ya murɗa makulli ya duba ba, saboda ya yarda da ɗan'uwansa. In laifi ake nema a ɗora wa wani, ga shi.

Malam ya tunatar da aljanin cewa shi ma zai tsaya gaban Allah a kan yarinyar nan. Daga bisani muryar ta ce ba wannan bakin ta so ji ba, amma ta karɓa. A je wurin a share tokar, a dasa wata itaciya, a shayar da ita har ta kama. Malam ya ce dashen itace alheri ne, wannan babu laifi, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai dawo ba. Salima ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Warin ya tafi. Da ta buɗe ido ruwa ta nema, da muryarta.

Washegari Tahiru ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar Abdurrazak da kansa, bayansa na sara. Tsofaffin sondin sun kafe, sai da ya jiƙa su da mai ya jira kafin suka kwance, kawunansu baƙi da kunkunniya. Ya sayo wasu sabbi ya ɗaura, ya canza tukunyar da ta narke, ya sa sikana ya goge laifin da motar ta riƙe, ya zaga da motar har ya tabbata fitilar ta mutu mutuwar gaskiya. Ya gaya wa Abdurrazak komai, bai ɓoye ba. Ranar Lahadi su biyu suka tafi hanyar In Amgel da dashe da jarkokin ruwa.

Ranar Litinin da safe Salima ta ce ta ji ƙarfi, za ta koma lekkol. Ta shiga tsohuwar motar babanta ta zauna a gaba, ta ɗora jaka a cinya. Tahiru ya sa makulli, sai hannunsa ya tsaya. Wata biyu da suka wuce ita ma wannan motar ta kunna fitilar moter, kuma Khamisu ne ya shiga ƙarƙashinta. Tun daga ranar, a cikinta yake kai yarinyar nan kullum, a cikinta ya kai ta likita.

Ya murɗa rabi. Ta batir ta kama, ta mai ta kama, ta birki ta kama. Ya daɗe yana kallon gurbin da ya rage, baƙi ƙirin.

"Baba, za mu makara," in ji Salima.

Ya zare makullin a hankali.

"Sauko, ɗiyata. Yau da ƙafa za mu je."