Yasar Rijiyar Na'Allah

A bakin rijiyar mahaifinta, can gabas da Kornaka, Azara ta fara ganin Agali. Raƙuma ya kawo shan ruwa. Ta miƙa masa ƙwarya, ya sha, ya manta bai mayar ba.

"Baƙo, har ƙwaryar za ka shanye?"

"Ki bar mani ita, farin wata, in samu dalilin dawowa."

Ya kuwa yi ta dawowa, har ya aiko manya.

Na'Allah, mahaifin nata, mutum ne da ba a yi masa aiki rabi. Masoyansa su ce tsantseni, maƙwabta su ce tsanani, ni kam na ce baƙin taurin kai ne. In an share tsaf, sai ya ce saura lungu. Da Mainassara mai shanu ya fito neman Azara shi ma, tsohon ya yanke magana: wanda ya yashe masa rijiya kakaf, shi ne suruki.

Mainassara ya leƙa ramin, zurfin gaba ashirin cikin rairayi, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Azara ta aika gwaggonta Uwale wurin Agali da saƙo: "Ki ce masa kar ya shiga. Na fi son shi da rai, ko ba nawa ba ne."

Amsa ta dawo: "Ki ce wa farin wata, kwana ukku ne kawai."

Ran na uku Agali ya ɗago murya daga ƙasa: "Baba, na gama sarai! Saura tsohon kututture ɗaya, shi ka riƙe da bango."

"Kakaf na ce. Hidda shi!"

Wayyo! Da ya yi gardama mana. Amma wa ke musu da uban yarinya? Ya ciro shi, rairayi ya rufto. Sai la'asar aka zaro Agali, ƙafafunsa biyu sun tafi ke nan.

Mainassara ya sake turo manya, Na'Allah ya kore su. "Yaro ya cika aiki. Ban tauye alkawari."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ango na zaune a tabarma, inda aka ajiye shi. Azara ta durƙusa gabansa.

"Farin wata, kin samu rabin miji."

"Yi shiru, nawa. Ni na san abin da na samu."

Na'Allah ya zo ƙofar ɗaki, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ta ce amin, don albarkar uba ba abin yarwa ba ce. Amma har ya koma ga Allah, ko makurwar ruwa ba ta sake sha a gidansa ba.