Gudumar Mai Walda

Akwai wani gida da na sani, gidan dattijon ikilisiya, inda ake auna bangaskiyar mutum da yawan shekarun baftismarsa. A falon gidan nan Auta ta durƙusa wata Lahadi bayan an taso daga sujada, ta faɗi wanda take so.

"Mai walda?" Gwaggo, ƙanwar Baba mai gidan, ta dire kofin shayinta. "Wanda shagonsa ke bayan coci? Wanda bara warhaka ake tsamo shi daga kwata a buge?"

"Ya tuba, Gwaggo. Har an yi masa baftisma, wata takwas ke nan."

Yaya, babban wanta, shugaban matasan coci, ya kwashe da dariya har da dukan cinya.

"Wata takwas! Ko rarrafe bai fara ba! Ni shekarata ashirin cikin Ubangiji, sannan ki kwaso mana jariri? Haba Auta, lebul ɗinmu ba ɗaya ba ne!"

Baba mutum ne mai ƙarancin magana. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Na ba shi shekara guda. In ya koma wa kwalba, ko na ji ya yi faɗa da wani ko sau ɗaya, maganar aure ta mutu."

Shekarar nan kuwa mai walda ya sha wulakanci. In ya zo gaisuwa, Gwaggo takan tura masa kujerar roba da ƙafa can bakin ƙofa, ta toshe hanci wai yana ƙaurin ƙarfe. Rannan aka ce ya yi addu'ar iyali don a ji kwaɓarsa. Ya ce, "Ubangiji, na gode da ka karɓe ni. Ka riƙe ni, don ni ban iya riƙe kaina ba. Amin." Yaya ya karɓe, ya yi minti arba'in yana tsawa, ido ɗaya a buɗe yana duba wanda bai ce amin ba. Washegari ya aika masa da kyauta a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Da aka buɗe, fida ce, kwalbar ba jarirai madara.

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura.

"Share hawayenki," in ji mai walda. "Ai bai yi ƙarya ba, ban girma ba tukuna. Ki dai riƙa yi mini addu'a."

Wata goma sha ɗaya suka wuce, ba kwalba, ba faɗa. Hankalin Gwaggo ya tashi.

"Kana zaune za a shigo mana da shi zuriya?" ta ce wa Yaya. "Tsohon ɗan dambe ne fa. Tsokana kaɗan yake jira."

Yaya ya ɗauki abokinsa mai babbar waya suka nufi shagon da rana tsaka. Mai walda na tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

"Wa ye yayanka? Ɗan mashaya jikan mashaya! Ita uwarka da ta mutu, ta ma san wanda ya yi cikinka?"

Ya shure ƙofar ta kife, ya ɗauke shi da mari a gaban masu jiran aiki. Kafin a ƙifta ido guduma tana sama a hannun mai walda, jijiyoyin wuyansa sun miƙe.

"Buga mana!" Yaya ya ja da baya yana ihu. "Kai, ɗauki bidiyo! Ɗauka!"

Gudumar ta daɗe a sama. Sannan ta sauko a hankali, mai walda ya ajiye ta ƙasa, ya mai da hannuwansa biyu baya ya damƙe ɗaya da ɗaya.

"Ka tafi," ya ce, hawaye na zuba. "Don Allah ka tafi."

Yaya ya ja tsaki, ya sa aka goge bidiyon tunda ba abin nunawa.

Da yamma sai ga mai walda a falon Baba, kowa na zaune. Ya durƙusa.

"Baba, na zo in faɗa da bakina. Yau na ɗaga wa ɗanka guduma. Ban buga ba, amma a zuciyata na riga na fasa kansa. Ban san ko sharaɗinka ya karye ba. Kai za ka yanke."

Auta ta dafe ƙirji. "Wayyo! Me ya sa ka faɗa? Wa ya tambaye ka?"

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu. "Na faɗa muku hali ba ya wankuwa da ruwan baftisma!"

Baba bai kula ta ba. Shatin yatsu huɗu yake kallo a kuncin mai walda.

"Wa ya mare ka?"

"Ban zo kai ƙarar kowa ba, Baba. Nawa laifin na kawo."

Baba ya juya ga ɗansa. "Me ya kai ka shagonsa?"

"Baba... tes ne kawai, gwada shi na yi. Gwaggo ce ta ce..."

"Ni? Ka rufa mini asiri!"

Baba ya dube su biyun, ya girgiza kai. "Shekara ashirin kana cin gurasar Ubangiji, ga abin da ta gina. Ka haƙa wa ɗan'uwa rami, da aka kama ka kuma ka ɓuya bayan zanen gwaggonka. Gobe za ka je gaban fasto ka ajiye shugabancin nan, sai ka koyi amsa laifinka."

Ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun mai walda, wanda ya riƙe gudumar, ya tashe shi tsaye.

"Watan da ya rage na yafe. Na ba ka Auta."

An ɗaura aure, suna nan lafiya har yau. Ku kuma 'ya'yana, ku riƙe wannan: girma cikin Kristi yana ga abin da hannu ya yi sa'ad da zuciya ke tafasa, da gaskiyar da baki ya faɗa alhali shiru zai fi masa riba.