Fiyus a Aljihun Bakanike

Motar ɗaukar yara ta shige katangar makaranta har rabin goshinta, bulo ya zubo mata a kan gilashi. Ana gab da tashin yara abin ya faru. Kafin Sufeto ta iso an riga an zaro maigadi daga ƙarƙashin ɓaraguzai an wuce da shi asibiti, ƙafarsa ta dama na reto. Abin da ya rage a wurin shi ne kujerarsa ta roba da ta dagargaje, da takalmi ƙafa ɗaya, da rediyonsa da ke ta surutu ba mai saurare.

Sufeto doguwar mace ce mai tsadar magana, irin mutanen nan da in suka zuba maka ido suka yi shiru sai ka fara faɗin abin da ba a tambaye ka ba. Shugabar makarantar ta tare ta tun daga ƙofa.

"Ɓarawo ne, ranki ya daɗe. A jikin motar muke barin makulli da rana. Ya shigo ya tayar, ta ƙwace masa, ya haura ta baya ya gudu."

"Wa ya gan shi?"

"Kowa na aji. Amma akwai tsohon direbanmu da na sallama bara. Har yau yana jin haushinmu."

"Direbanku na yanzu fa?"

"Ƙanena ne, yara na ce masa Kawu. Zazzaɓi ke damunsa, tun da ya sauke yara da safe ya tafi gida."

"Gobe wa zai ɗauko yaran?"

"Na yi hayar wata mota. Shi zai ja, in ya ji sauƙi."

Sufeto ta tura Kofur, wanda ke take mata baya, ya nemo tsohon direban. Ita kuma ta sunkuya tana bin sawun taya a kan ƙasa. Daga inda ake ajiye motar, hanyar fita miƙe take sak zuwa ƙofa. Sawun bai bi nan ba. Ya karya kwana zuwa hagu, a nutse, ya nufi wata rumfar kwano mai benci-benci ƙanana, sannan ya zarce ta gefenta ya daki katanga. Babu alamar an taka birki ko sau ɗaya.

"Wannan rumfar ta mece ce?"

Wata matashiya mai jajayen idanu ta amsa. Ita ce Anti, mai raka yara a cikin motar safe da yamma. "Nan yara suke layi su shiga mota."

Sufeto ta dubi bencinan, wasu ko gwiwarta ba su kai ba. Ta ja Anti gefe.

"Kin iya mota?"

"Ni? Ko keke ban iya ba."

"Ina kike lokacin da aka ji ƙarar?"

"Ina ajin ƙanana, ina ɗaura musu jakunkuna. Malamar ajin na nan."

"Yau da safe lafiyar Kawu ƙalau?"

"Lafiya lau ya kawo mu."

"Da rana fa?"

Anti ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Ni dai na kira bakanike, kamar yadda aka saba."

"Motar ta lalace ne?"

"A'a. Shi ya fi ni sanin bayanin."

Kofur ya bugo waya. Tsohon direban tun safe yana tasha yana lodin fasinja, mutane da yawa sun shaida, har ya yi wa Kofur tayin kujerar gaba. Sufeto ta ce a ƙyale bawan Allah ya nemi abincinsa.

Garejin bakaniken na bayan makarantar, ba a sha wahalar nemo shi ba. Gajere ne mai furfura, ya zo yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti. Yana ganin motar ya dafe kai.

"Wallahi wannan motar bai kamata ta tashi ba."

"Saboda me?"

Ya waiga wajen Shugaba, ta harare shi. Sufeto ta gitta tsakaninsu ta tsaya.

"Ni nake tambayarka, ba ita ba."

Ya sa hannu a aljihun riga ya fito da wani ɗan abu shuɗi na roba mai ƙafafu biyu na ƙarfe, bai kai kan babban yatsa ba.

"Fiyus ɗin famfon mai ne. In babu shi, ko kwana za ka yi kana murza makulli ba za ta tashi ba. Ni na cire shi ɗazu da rana."

"Don me?"

"Ranki ya daɗe, Kawu abokina ne tun muna yara. Mutumin kirki ne, ko ƙuda ba ya iya kashewa. Tun da matarsa ta rasu ya faɗa wa kwalba. Da safe garau yake. Da rana ne wani lokaci yakan zagaya. To in Anti ta ji warin a bakinsa sai ta kira ni, in lallaɓo in zare fiyus. Ya zo ya murza, mota ta ƙi. Sai a ce ta lalace, a kira iyaye su ɗauki 'ya'yansu. Gari na wayewa in mayar."

"Yaushe kuka fara wannan?"

"An kwana biyu."

"Ba wanda ya taɓa ce masa ya daina tuƙi?"

"Wa zai iya? Aikin nan kaɗai ya rage masa. In aka karɓe, sai dai mu tsinci gawarsa a kwata. Mun ga gara mu rufa masa asiri, yara kuma ba abin da ya same su."

"Maigadi fa? Shi ba ɗan kowa ba ne?"

Sufeto ta sa ya buɗe mata akwatin fiyus da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haska da wayarta. Layi-layi suke, ja da shuɗi da rawaya, kowane a raminsa. Rami ɗaya ne ya bambanta. An cusa masa wata takarda mai ƙyalli, an murɗe ta kamar lagwani. Ta zaro ta da farce ta warware. Launin gwal ce, irin wadda ake naɗe wuyan kwalbar barasa da ita, har da guntun hoton tambari.

"Wannan za ta iya tayar da mota?"

"Za ta iya," in ji bakanike da sanyin murya. "Tsohuwar dabara ce. Ni na koya masa da kaina, wata rana da muka maƙale a hanya."

Asibitin ba nisa, Sufeto ta leƙa. Maigadi na kwance, fuskarsa ta yi fari fat. 'Yarsa na tsaye a kansa, babbar mace da goyo, ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba. Likita ya riga ya gaya musu ƙashin ya farfashe, in an ci sa'a zai taka da sanda.

"Sannu, Baba. Ka ga wanda ke tuƙin?"

"Rana ta haske mini ido, 'yata. Ban ga fuska ba."

"Rana tana bayanka a lokacin, Baba."

Tsohon ya juya kai wajen bango. "Shi ya kai uwar yaran nan asibiti a bayansa, ranar da ta faɗi. Ban ga kowa ba."

'Yar ta fashe. "Ka ji ko? Yana kwance ba ƙafa, yana kare shi! Ranki ya daɗe, mutum bakwai ke ci daga hannun tsohon nan. Kowa tausayin Kawu yake ji. Mu wa zai ji namu?"

Sufeto ta koma makarantar, maganar na yi mata yawo a kai. Iyaye sun kusa gama kwashe 'ya'yansu. Ta wuce kai tsaye ofishin Shugaba. A kan tebur akwai kofi biyu na shayi, ɗaya an sha rabi, da ɗan faranti na kanumfari. Wannan ƙamshin ta san shi tun tana ƙarama. Kanumfari ne mahaifinta yake taunawa a bakin ƙofa don kashe warin barasa kafin ya shigo gida, su kuma su yi kamar ba su san dalili ba, har ranar da hanta ta kwantar da shi. Ta kawar da tunanin, ta dubi wata ƙofa da ke rufe a kusurwar ofishin.

"Malama, buɗe ɗakin ajiyar nan."

"Littattafai ne kawai a ciki."

"Littattafan ne ke shan shayi?"

Kafin Shugaba ta motsa, aka turo ƙofar daga ciki. Wani siriri ya fito, gwiwar wandonsa duk farar ƙurar bulo, goshinsa da kumburi. Idanunsa sun fara washewa, kuma da ganinsa ka san ya fi son da ba su washe ba.

"Bari, Yaya," ya ce. "Ya isa."

"Ba shi ba ne," in ji Shugaba. "Yanzu ya zo daga gida."

Sufeto ta ajiye takardar mai ƙyalli a kan tebur, kusa da kanumfarin.

"Ɓarawo ƙofa yake nema, Malama. Wanda ya ja motar nan rumfar yara ya nufa, yadda hannunsa ya saba kullum. Kuma ɓarawo in ya murza makulli mota ta ƙi, gudu zai yi. Ba zai kwanta ƙarƙashin sitiyari da rana tsaka yana laluben ramin da babu fiyus ba. Sai wanda ya san abin da ake cirewa. Anti ba ta iya mota ba, kuma tana aji. Bakanike fiyus ɗin gaskiya na aljihunsa, ba ya buƙatar takardar kwalba. Saura mutum ɗaya, wanda kwalbar ke hannunsa."

Kawu ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Na daɗe da ganewa," ya ce. "Mota ba ta lalacewa sai ranar da na sha? Ni ba yaro ba ne. Kullum in murza, ta ƙi, kowa ya ce mini sannu, a ba ni ruwa, ana kallon juna ta gefen ido. Wannan sannun ta fi mari ciwo. Yau na ce sai na nuna musu ƙalau nake. In kawo ta gaban rumfa, in tsaya daidai, su gani." Ya dubi ƙafarsa ta dama. "Birki na taka. Wallahi a raina birki na taka."

"Da ta tsaya daidai fa?"

Sufeto ta sunkuyo kusa da shi.

"Da ka ɗebi yaran ka hau titi da su."

Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suka fara rawa. Shugaba ta durƙusa gaban Sufeto, mace mai shekaru da matsayi, ta kama gefen siket ɗinta.

"Ni na goye shi. Ciwo ne, ranki ya daɗe, ba mugunta ba. Zan biya asibitin Baba, zan riƙe iyalinsa. Ki rubuta ɓarawo ne. In aka kulle shi mutuwa zai yi."

Tausayi ya kama Sufeto. Ta yarda ciwo ne, ba ta taɓa shakkar haka ba. Amma bencinan nan ƙanana sun ƙi barin idonta.

"Tashi, Malama. Ciwo ne, na sani. Sai dai ke ba asibiti kika kai shi ba, makullin mota kika ba shi. Ɗazu da bakinki kika ce mini gobe shi zai ja. Bayan wannan, kin ce gobe."

Shugaba ta saki siket ɗin.

"Zan rubuta abin da ya faru, duka, har da fiyus, har da tsohon direban da kika so a kama a banza. Ke ma za ki amsa naki. Zan kuma rubuta cewa mara lafiya ne, in roƙi alƙali ya haɗa masa da magani. Wannan zan tsaya a kai da ƙafata. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce ban gani ba. Masu cewa haka sun yi yawa a makarantar nan."

Kofur ya ciro ankwa, ta girgiza masa kai. Kawu ya miƙe da kansa. Ya laluba aljihun baya ya fito da lasisinsa, ya goge shi a jikin riga, ya ajiye a kan tebur.

"Ya ƙafar Baba?" ya tambayi Sufeto.

"Da sanda zai taka, in an ci sa'a."

"Ya ce ni ne?"

"Ya ce rana ta haske masa ido."

Nan ne kukan ya ƙwace masa sosai, irin na babban mutum, mara daɗin ji. Sufeto ta jira har ya lafa.

A hanyar fita suka wuce ta gaban rumfar. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce kaɗai ta rage, mahaifinta bai iso ba, tana zaune kan benci kusa da Anti tana kaɗa ƙafafu. Tana hango shi ta ɗaga hannu.

"Kawu! Gobe ni ce a kujerar gaba, ka yi alkawari."

Ya tsaya. Ya juyo ya dubi yarinyar. Sufeto ba ta ja shi ba, ba ta kuma amsa a madadinsa ba.

"Gobe wani ne zai zo," ya ce daga ƙarshe. "Ki gaya masa ni na ce a ba ki gaba."

Yarinyar ta gyaɗa kai ta ci gaba da kaɗa ƙafafunta. Sufeto ta buɗe masa ƙofar baya ta motar 'yan sanda, ya shiga, ya zauna da hannuwansa a kan gwiwa.